Mission: Impossible: Shekara 29 Tom Cruise yana gudu, me ya hana mu gajiya da kallo?

A watan Agustan 2017, a birnin Landan, Tom Cruise ya sheƙo a guje a saman wani bene, ya daka tsalle zuwa rufin benen da ke gabansa. Yadda aka tsara, zai bugi bangon da ƙirji ne, ya cafki bakin rufin, ya haye. Sai ƙafarsa ta riga shi isa, idon sawun ya daki bango, ya karye. Mutumin nan bai tsaya ba. Ya ja jiki ya hau, ya wuce ta gaban kamara yana ɗingishi, don ya san ba zai iya sake yi ba. Wannan ɗaukar ce aka saka a fim ɗin Fallout da ya fito a 2018, kuma a lokacin yana da shekara 55. Sai da aka dakatar da aikin na kusan wata biyu.

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin 'yan haɗari ya san mai sabuwar karaya a idon sawu ko zare masa takalmi ba ya yarda a yi, balle ya taka. To a wannan ɗingishin sirrin Mission: Impossible yake. Fina-finai takwas daga 1996 zuwa 2025, kuɗin shiga sama da dala biliyan 4, kuma abin da suke sayarwa har yau shi ne yarda: mai kallo ya san jikin ɗan Adam ne na gaske a wurin, kuma abin da ido ya gani ya faru.

Daga talabijin aka fara

Da yawa suna zaton Tom Cruise ne ya ƙirƙiro labarin. A'a, ya tarar da shi ne. Wani marubuci mai suna Bruce Geller ne ya fara shi a matsayin shirin talabijin a tashar CBS ta Amurka a 1966, aka yi ta nunawa har 1973. Labarin wata ƙungiyar leƙen asiri ce da ake kira IMF. Kar hankali ya tashi, ba IMF ɗin bashi ba ce, wannan tasu ce ta fim. Tun a wancan shirin aka kafa abubuwan da har yau ake gane fim ɗin da su: saƙon aiki da ke ƙonewa da kansa bayan an saurara, gargaɗin cewa in aka kama ku gwamnati ba ta san da ku ba, fuskar roba da ake sakawa a koma wani mutum, da kuma kiɗan nan na Lalo Schifrin ɗan ƙasar Ajantina, wanda ko ba ka san sunan fim ɗin ba ka taɓa jin sa a wayar wani. Schifrin ya rasu a watan Yunin 2025, wata ɗaya bayan fitowar fim na takwas.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna wa shirin: a Amurkar shekarun 1960, lokacin da baƙar fata ke fafutukar samun 'yancinsu, gwanin na'urori na ƙungiyar baƙi ne, Greg Morris ne ya fito a matsayinsa. Wannan gadon Ving Rhames ya ɗauka a matsayin Luther, kuma shi kaɗai ne ban da Cruise ya fito a duka fina-finan takwas.

A 1996 Cruise ya ɗauko labarin ya kai sinima, kuma shi ne fim na farko da ya zama furodusansa. Brian De Palma ya ba da umarni. Sun yi abin da ya ɓata wa tsofaffin masoya rai, wato suka mayar da Jim Phelps, jagoran ƙungiyar a talabijin, maci amana. Peter Graves da ya daɗe yana fitowa a matsayin Phelps bai ji daɗin hakan ba. Amma fim ɗin ya ci kasuwa, ya tara sama da dala miliyan 450.

Dabarar da ba ta tsufa

In ka tambayi mutum labarin fim na farko, da wuya ya iya kawo maka shi tiryan-tiryan. Amma kowa na tuna wuri ɗaya: Ethan Hunt yana reto a jikin igiya a cikin wani farin ɗaki a hedikwatar CIA. Kafin a shiga, an riga an yi mana bayani. Ɗakin yana jin ƙara, yana jin canjin zafi, kuma ko ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa ƙararrawa za ta tashi. Daga nan sai a yi tsit, babu kiɗa, babu harbi. Ɓera ya biyo ta inda mai riƙe da igiya yake, igiya ta suɓuce, Ethan ya tsaya saura ƙiris ya taɓa ƙasa, gumi ya gangaro ta jikin tabarau, ya tare shi da tafin hannu. Ɗigon gumi guda ya hana cikakken ɗakin sinima numfashi.

Wannan ita ce dabarar, kuma duk inda fina-finan suka yi kyau ita suka bi. A faɗa maka aikin, a nuna maka dokokinsa, a shimfiɗa shiri, sannan shirin ya lalace a gabanka. Saboda ka san abin da ya kamata ya faru, kana gane ɓarnar tun kafin jarumin ya buɗe baki. Fina-finan faɗa da yawa na yanzu suna yanka hoto gutsi-gutsi har ka kasa gane wa ya bugi wa. A nan kullum ka san inda kowa yake tsaye, da abin da yake nema, da mintunan da suka rage.

Brad Bird ne ya fi kowa wasa da wannan a Ghost Protocol na 2011. Mutum ne da ya fito daga fina-finan zane irin su The Incredibles, kuma ya shigo da raha. A fim ɗinsa babu na'urar da ke aiki yadda ya kamata. Saƙon da ya kamata ya ƙone da kansa ya ƙi, sai da Ethan ya dawo ya make akwatin wayar. Injin yin fuskar roba ya lalace ana tsaka da buƙatarsa. Safar hannun da ke manne wa gilashi ta mutu yana maƙale a jikin Burj Khalifa. Wanda ya taɓa aikin dare injin ba da ƙarin ruwa ya hau ƙara babu dalili, ko janareto ya ɗauke ana tsaka da aiki, ya san wannan yanayin sarai.

Jikin mutum a matsayin jari

Burj Khalifa da ke Dubai tsawonsa mita 828 ne, babu ginin da ya kai shi a duniya. Cruise da kansa ya fita ta taga a sama da hawa na 120, ya yi tafiya a jikin gilashin. Daga wannan fim ɗin ne kowane sabon fitowa ya zama da tambaya ɗaya: wannan karon me zai yi?

A Rogue Nation na 2015 ya maƙale a jikin ƙofar jirgin soja samfurin Airbus A400M, jirgin ya tashi da shi a Ingila, aka maimaita har sau takwas. Sai da aka yi masa gilashin ido na musamman mai rufe ƙwayar ido gaba ɗaya don ya iya buɗe ido a cikin iska. A Fallout ya yi tsalle daga jirgi a nisan ƙafa 25,000 a sararin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sama da sau 100 kafin a samu abin da ake so, kuma ya koyi tuƙa jirgi mai saukar ungulu ya tuƙa shi tsakanin tsaunukan New Zealand. A Dead Reckoning na 2023 ya tuƙa babur ya afka daga kan wani tsauni a ƙasar Norway, ya saki babur ɗin ya buɗe lema. A The Final Reckoning na 2025, ya yi ta rarrafe a kan fiffiken tsohon ƙaramin jirgi a sararin Afirka ta Kudu, sannan ya yi tsalle sau 16 da lema tana cin wuta, abin da ya shigar da shi kundin bajinta na Guinness.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: akwai igiyoyin kariya a jikinsa a Dubai da jikin jirgin nan, daga baya ake goge su da kwamfuta. Gadar da ya bi da babur a Norway ma an mayar da ita dutse a hoto. Amma tsayin na gaske ne, iskar ta gaske ce, kuma yadda fatar fuskarsa ke kaɗawa babu kwamfutar da ta zana shi. Ido yana gane bambancin ko da mai idon bai san yadda zai bayyana ba.

Kuma kar a kira abin ganganci. Kafin tsallen babur ɗin nan, wanda bai wuce 'yan daƙiƙoƙi a fim ba, masu shirin sun ce ya yi tsalle da lema sama da sau 500, ya yi tsallen babur wajen sau 13,000. A ranar farko ta ɗaukar fim aka yi shi, aka maimaita sau shida. Ga samarinmu masu ɗaga babur a titi ranar biki, wannan lissafin shi ne darasin. Ƙarshen abin kawai kuka gani a allo, ba ku ga shekara guda ta atisaye da likitoci da injiniyoyin da ke tsaye a gefe ba. Mu ne muke karɓar waɗanda suka kwaikwayi ƙarshen kaɗai.

Abin da idon nas ke gani

A ƙafa 25,000 iskar oksijin ta yi ƙarancin da mutum ba ya wuce minti uku zuwa biyar yana cikin hayyacinsa in babu abin shaƙa. Mugun abin shi ne mai fama da ƙarancin oksijin sau da yawa ba ya sanin yana cikin matsala, har wani nishaɗi yake ji yayin da tunaninsa ke rikicewa. Shi ya sa aka ƙera wa Cruise hular da ke ba shi iska kuma take barin a ga fuskarsa. A wannan fannin fim ɗin bai yi ƙarya ba.

Don Rogue Nation ya yi horo da ƙwararrun masu nutso har ya kai riƙe numfashi na minti shida. A nan zan roƙi iyaye su ja kunnen yara, musamman masu zuwa wurin ninƙaya a nan ƙasashen waje da masu wanka a kududdufi a gida. Abin da ke tilasta wa mutum ya ɗago ya shaƙi iska shi ne taruwar gurɓatacciyar iska a jini. In yaro ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse don ya daɗe, ya kashe wannan ƙararrawar ke nan, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ko motsi ba. Gwanayen ninƙaya ma suna mutuwa ta haka.

Inda muke dariya mu ma'aikatan asibiti shi ne wajen farfaɗo da mutum. A fim na uku, na 2006, matar Ethan, Julia, nas ce. A birnin Shanghai ya jona wa kansa lantarki don ya kashe wani ɗan bam da aka dasa masa a ka, zuciyarsa ta tsaya, ita kuma ta danna ƙirji, ta hura masa iska, ta yi ta dukan ƙirjin har ya farka. Na ji daɗi da aka ba nas wannan matsayi. Amma jim kaɗan sai ga su suna tafe suna hira a bakin ruwa. A Rogue Nation kuwa, bayan ya nutse an tashe shi da na'urar bugun zuciya, bai fi 'yan mintuna ba ya kama sitiyari a Maroko. A zahiri, danna ƙirji na gaske sau 100 zuwa 120 ne a minti, da zurfin santimita biyar zuwa shida, kuma ba abin mamaki ba ne haƙarƙari ya karye. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya dawo, gadon kulawa ta musamman yake nufa, ba tseren mota ba. Sai dai a yaba musu, sun nuna shi yana tangaɗi, har ya faɗi garin tsallake gaban mota.

Jarumin da ba ya barin nasa

Mun taso da fim ɗin akta da bos, inda mutum ɗaya ke gamawa da bataliya. James Bond, wanda ya faro tun 1962, haka yake: shi kaɗai, da kwat, da giya, da sabuwar mace a kowane fim, kuma mutum shida ne suka gaji juna a matsayin. Ethan Hunt mutum ɗaya ne tsawon shekara 29, mun ga tsufansa a fuska, kuma ba ya iya komai sai da jama'arsa. Luther yana kan kwamfuta. Benji, wanda Simon Pegg ya fara fitowa a matsayinsa a 2006, ya tashi daga ma'aikacin ofis mai tsoro ya zama ɗan fage. Ilsa Faust ta Rebecca Ferguson, tun daga 2015, ta ceci Ethan fiye da yadda ya cece ta.

Fallout, wanda a ganina shi ne gwarzon dukansu kuma shi ya fi kawo kuɗi da kusan dala miliyan 790, a kan wannan aka gina shi. Tun farkon fim aka ba Ethan zaɓi tsakanin ran Luther da sinadarin haɗa makamin nukiliya. Ya zaɓi abokinsa, sinadarin ya salwanta, sauran fim ɗin duka biyan bashin wannan zaɓin ne. A ƙarshe kuma ba shi kaɗai ya warware ba: sai da mutum uku a wurare uku suka yi nasu aikin a daƙiƙa guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a Hollywood.

Ga masu tambayar ko za a iya kallo da iyali, dukansu takwas a Amurka an sa su a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama. Akwai faɗa da kisa, amma tsiraici da batsa kaɗan ne in aka gwada da Bond. Na biyu ne ya fi yawan soyayya, sai a kula.

Inda suka gaza

Ba duka ne suka yi kyau ba. Na biyu, wanda John Woo ya yi a 2000, shi ne fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a duniya a shekarar, amma yau in ka kalla sai ka ga tattabaru da tabarau da gashi na kaɗawa a hankali, ƙungiyar kuma an ajiye ta gefe. Abin da ake rigima a kansa ma kusan kullum hujja ce kawai ta a yi gudu: jerin sunaye, ƙwayar cuta, lambobin nukiliya, makulli. A fim na uku abin da ake nema sunansa Ƙafar Zomo, har aka tashi ba a faɗa mana ko mene ne ba.

Christopher McQuarrie, wanda ya ja ragamar huɗun ƙarshe, ya kai jerin ƙololuwa, kuma a hannunsa abin ya yi nauyi. Dead Reckoning minti 163 ne, The Final Reckoning ya kusa awa uku, kuma awarsa ta farko ta tafi a surutu da tuna baya da yi wa Ethan kirari kamar shi kaɗai ya rage wa duniya. Fim ɗin bai tashi ba sai da aka rufe baki, ya nutsa cikin mataccen jirgin ƙarƙashin ruwa yana juyawa da shi. Yadda aka sallami Ilsa a na bakwai ma har yau bai kwanta mini ba.

Akwai kuma yadda suke ɗaukar ƙasashen mutane. Maroko, Dubai, Indiya, duk fage ne kawai na tsere, mutanen wurin 'yan kallo ne a garinsu. Mu da muka girma da fina-finan Indiya mun yi murna da jin Anil Kapoor zai fito a Ghost Protocol, sai ga shi an ba shi 'yan mintuna a matsayin attajiri mai son mata, abin dariya. Kashmir ɗin da aka nuna a Fallout ma a New Zealand da Norway aka ɗauka. Kuma ba a taɓa tsayawa an tambayi wa ya ba jami'an Amurka izinin farfasa titunan wasu ba.

Kasuwa ma ta ja baya. Annobar korona ta tsayar da aikin na bakwai a Venice a watan Fabrairun 2020, kuɗin da aka kashe ya doshi dala miliyan 290. A Disambar shekarar aka fitar da muryar Cruise yana yi wa ma'aikata faɗa kan karya dokar ba da tazara. Harshen ya yi kaushi, amma ni dai a matsayina na nas ban ga laifin abin da yake karewa ba. Da fim ɗin ya fito a Yulin 2023, bayan mako guda Barbie da Oppenheimer suka danne shi. Na takwas, wanda yana cikin fina-finai mafi tsada da aka taɓa yi, bai kamo Fallout ba.

Abokin gaba na ƙarshe

Abin lura shi ne wanda suka zaɓa ya zama bos a fina-finai biyun ƙarshe. Ba mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce da ta kuɓuce, tana shiga kowace na'ura, tana kwaikwayon muryar abokinka, tana sauya bayanai har a rasa gaskiya da ƙarya. Don su yaƙe ta sai da suka koma takarda, da tsofaffin na'urori, da amincewa da wanda ke tsaye a gabansu. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ya san wannan ba tatsuniya ba ce yanzu. Kullum sai an turo bidiyon wani babba yana faɗin abin da bai faɗa ba, ko maganin da wai likita ya tallata, mu kuma a yi ta kiranmu ana tambaya ko gaskiya ne.

A irin wannan zamanin, fim ɗin da ya ɗauki wahalar kai mutum kan fiffiken jirgi alhali kwamfuta za ta iya zana shi ya ƙara daraja. Masu ba da kyautar Oscar ma sun farga: a Afrilun 2025 suka sanar da cewa daga bikin 2028 za a fara karrama masu tsara wasannin kasada, mutanen da suka shekara ɗari suna karyewa a madadin taurari ba a kiran sunansu.

Wanda bai taɓa kallo ba, ya fara da Ghost Protocol, ya bi da Rogue Nation, sannan Fallout. In sun kama shi, ya koma na 1996 ya ga tushen. Na biyu kuwa a bar shi sai ranar da babu abin yi. Kuma in hali ya yi, a kalla a babban allo, a ajiye waya. In aka zo wurin tsallen nan na Landan a Fallout, a duba ƙafarsa da kyau.